Tarihi, Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki ko Ilimin Gwamnati: wanne za ka ɗauka a sakandare?

Idan aka zo zaɓen darussa a shekarun ƙarshe na sakandare, mai son likitanci ba ya dogon tunani, ya san ilimin halittu da na sinadarai na jiransa. Mai son aikin injiniya ma ya san babu ta inda zai kauce wa lissafi. Inda aka fi yin zaɓe da ka shi ne rukunin darussan zamantakewa. Wani zai ɗauki Ilimin Gwamnati don an ce masa hadda ce kawai. Wani zai guji Tarihi don tsoron shekaru da sunayen sarakuna. Wata za ta faɗa Tattalin Arziki don ta ji an ce masu shi ne ke aiki a banki, sai ta isa jami'a ta tarar lissafin da ta daɗe tana gudu shi ne ya tare mata ƙofa.

Yadda ake shirya darussan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, inda aka fara tattara su a ƙarƙashin inuwa ɗaya bayan rahoton wani kwamitin masana ilimi a 1916, yawanci ɗalibi kan bi ta tarihin duniya da tarihin ƙasar, sannan gwamnati da tattalin arziki, kowace jiha da nata tsarin. A Faransa malami ɗaya ne ke koyar da tarihi da labarin ƙasa a matsayin darasi guda. A Ingila kuwa ɗan shekara 16 kan tsaya ne a kan darussa uku ko huɗu har ya gama, saboda haka kowane zaɓi yana da nauyi sosai. Tsarin karatu na ƙasa da ƙasa da ake kira IB, wanda aka kafa a 1968 kuma ake bi a makarantu da dama a duniya, ya wajabta wa ɗalibi ya ɗauki aƙalla ɗaya daga wannan rukuni. Duk dai inda kake, ranar da za a ce ka ɗauki ɗaya ko biyu ka bar saura tana zuwa.

Sunayen darussan ba za su taimaka maka sosai ba, domin sau da yawa batu ɗaya duk suke magana a kai. Bambancin yana ga irin aikin da kowanne zai sa ka yi mako bayan mako har shekara biyu ko uku, da irin tambayar da zai jefa maka ranar jarrabawa. Don a ga haka a fili, bari mu ɗauki abu guda, mashigin ruwan Suez na ƙasar Masar, mu shiga da shi ajujuwan ɗaya bayan ɗaya.

A ajin Tarihi za a fara ba ka jerin abin da ya faru. An soma haƙa mashigin a 1859 a ƙarƙashin kamfanin wani Bafaranshe, Ferdinand de Lesseps, da gumin dubban manoman Masar da aka tilasta wa aikin a shekarun farko, aka buɗe shi a watan Nuwamba na 1869. Bashi ya yi wa mai mulkin Masar, Isma'il, katutu, ya sayar wa Birtaniya hannun jarin ƙasarsa, kusan kashi 44 cikin ɗari, a kan fam miliyan huɗu a 1875. Shekara bakwai bayan haka sojojin Birtaniya suka mamaye Masar. Ranar 26 ga Yuli 1956 shugaba Gamal Abdel Nasser ya tsaya gaban taron jama'a a Iskandariya ya shelanta cewa kamfanin mashigin ya koma hannun ƙasa, mako guda kacal bayan Amurka ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan. A ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kutsa yankin Sina'i, Birtaniya da Faransa suka ce za su shiga raba faɗa, suka yi ruwan bama-bamai, suka sauke sojoji a bakin mashigin.

Wannan jerin shi ne abin da ɗalibai ke tsoro, alhali shi ne mafi sauƙi a darasin. Aikin gaske yana farawa ne ranar da malami ya ajiye maka takardu biyu a kan tebur. Ɗaya jawabin firaministan Birtaniya ne, Anthony Eden, a gaban majalisa cikin Disambar 1956, inda ya musanta cewa gwamnatinsa ta san da zuwan harin Isra'ila. Ɗayar kuwa yarjejeniyar sirri ce da wakilan ƙasashen uku suka sa wa hannu a Sèvres, kusa da Paris, 'yan kwanaki kafin harin, wadda ta fayyace wa zai fara, wa zai biyo baya, da hujjar da za a ba duniya. An lalata kwafin Birtaniya. Na Isra'ila ya tsira, kuma sai bayan shekara arba'in jama'a suka gan shi da idonsu. Daga nan malami zai tsare ka da tambayoyi: wa ya rubuta wannan takarda, don wa, a wane lokaci, me yake so a yarda da shi, me ya yi shiru a kai? Wanda ya shekara biyu yana wannan atisaye, da wuya ya ƙara karanta sanarwar gwamnati ko saƙon da aka turo masa a waya ya haɗiye ba tare da ya tauna ba.

Jarrabawar Tarihi, a mafi yawan tsare-tsare, rubutu ne mai tsawo. Za a tambaye ka ko rikicin 1956 ne ya karya ƙarfin Birtaniya a Gabas ta Tsakiya, ko kuwa ya fallasa karayar da ta riga ta faru ne kawai. Ɗalibai biyu za su iya saɓa wa juna su duka su ci maki mai kyau, na uku ya jero shekarun duka daidai ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin bai ɗauki matsayi ya kare shi ba. Wannan ba wasan malamai ba ne, su kansu masanan haka suke. An fi shekara ɗari da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, amma har yau ba a gama jayayya kan wanda ya fi laifi ba, kuma lokacin da masanin tarihi Fritz Fischer ya ɗora wa shugabannin ƙasarsa Jamus kaso mai tsoka a 1961, sai da aka yi shekaru ana kai ruwa rana da shi.

Nauyin da za ka ɗauka a nan shi ne karatu mai yawa da rubutu mai yawa, cikin harshen da ake jarrabawar da shi. Idan harshen yana ba ka wahala, Tarihi zai nuna hakan fiye da kowane darasi a rukunin. Makinsa ma ba shi da tabbas kamar na lissafi: ranar da ka zaci ka burge, mai duba takarda yana iya ganin ka yi ta zagaye ne. Kuma babu darasin da malami maras himma ke kashewa da sauri kamar wannan, domin da zarar ya koma karanto bayanai ana kwafa, abin da ake tsoron nan na hadda ya tabbata ke nan.

Malamin Labarin Ƙasa bai damu da abin da Eden ya faɗa wa majalisa ba. Taswira zai shimfiɗa ya tambaye ka me ya sa a nan aka haƙa, kuma me ya sa aka iya. Zirin ƙasar da ke tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya shimfiɗaɗɗe ne, ga tafkuna a tsakiya, ruwan tekunan biyu kuma kusan tsayinsa ɗaya. Shi ya sa mashigin, mai tsawon kilomita kusan 193, ba ya buƙatar ƙofofin ɗaga jirgi, saɓanin na Panama inda sai an ɗaga jirgi sama mita kusan 26 kafin ya ƙetare. Masu awon ƙasa da suka biyo Napoleon zuwa Masar sun yi kuskure a 1799, suka ce Bahar Maliya ta ɗara ɗayar tsayi da mitoci da dama, kuma wannan kuskure na cikin abin da ya sa aka jingine maganar haƙan shekaru masu yawa. Rashin ƙofofin ya haifar da abin da babu wanda ya shirya masa: ɗaruruwan nau'o'in kifi da sauran halittun Bahar Maliya sun bi mashigin sun zauna a gabashin Bahar Rum, wasunsu suna korar na asali, suna sauya abin da masunta ke kamawa.

Ka lura da yadda magana ta tashi daga yanayin ƙasa ta faɗa ruwa, ta fito ta sana'ar mutane. Haka darasin yake, rabinsa kimiyya ne. Ɓangare ɗaya yana magana kan duwatsu da koguna da iska da ruwan sama da motsin ɓawon ƙasa, ɗayan kuma kan yawan jama'a da ƙaura da birane da noma da sufuri. Ɗaliban da suka shigo don suna son sanin ƙasashe da manyan biranensu kan sha mamaki idan aka fara bayanin yadda iska mai ɗumi ke hawa ta huce ta zama hadari, ko yadda aka ƙi yarda da Alfred Wegener a 1912 da ya ce nahiyoyi suna motsi, sai a shekarun 1960 awon ƙasan teku ya nuna yana da gaskiya.

Abin da na fi so a darasin nan shi ne yana sa wa ɗalibi sana'a a hannu. Za ka koyi karanta taswira ta gaske, ka san cewa a ma'aunin 1:50,000 santimita biyu a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa, ka dubi layukan tsayi ka gane inda tudu yake da inda ruwa zai kwanta in an yi ambaliya. Za ka gane cewa kowace taswira tana da son kanta: irin wadda Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa tana nuna tsibirin Girinlan kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Za ka ji yadda likita John Snow ya ɗiga gidajen waɗanda kwalara ta kashe a wata unguwar Landan a 1854 a kan taswira, ɗigon suka taru kewaye da famfon ruwa guda. Aikin da ya yi da alƙalami shi ake yi yau da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam a tsara birane da yaƙi da annoba da kula da muhalli da jigilar kaya. A makarantun da ke ɗaukar darasin da muhimmanci akwai fita fili, a auna kogi ko a ƙirga zirga-zirgar hanya a rubuta rahoto.

Ta fuskar maki ma ya fi Tarihi tabbas, domin tambayoyi da yawa gajeru ne kuma amsarsu ɗaya ce: ko ka auna nisan daidai ko ba ka auna ba. Illarsa faɗi. Manhajar tana taɓa komai, kuma wanda ya ƙi ɓangare ɗaya daga cikin biyun zai yi rabin shekarunsa yana ƙunci. Duk da haka a ganina shi ne darasin da aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba, kuma shi zan fara nuna wa ɗalibin kimiyya da aka ce dole ya ɗauki ɗaya daga wannan rukuni.

A ajin Tattalin Arziki mashigin ya zama lambobi. Jirgin da ya taso daga Mumbai zuwa Landan yana rage kusan kashi biyu cikin biyar na tafiyarsa idan ya bi ta Suez maimakon ya zagaya ta kudancin Afirka. To, nawa hukumar mashigin za ta iya karɓa daga kowane jirgi kafin mai shi ya ce gara ya zagaya? Amsar tana rataye da farashin mai da kuɗin hayar jirgi da darajar kwanakin da za a ɓata. Lokacin da farashin mai ya faɗi warwas a 2020, wasu kamfanonin jigila sun zaɓi doguwar hanya, har hukumar ta yi rangwame don ta dawo da su. A cikin wannan labari kaɗai akwai manyan ginshiƙan darasin guda biyu: yadda mai saye ke janyewa idan farashi ya tashi kuma yana da wata mafita, da cewa tsadar kowane zaɓi ita ce abin da ka bari don ka same shi.

Bayan yaƙin 1967 an rufe mashigin har 1975, jiragen kaya 15 suka maƙale a ciki tsawon shekara takwas. Masanin tarihi zai ba ka labarin yaƙin. Masanin tattalin arziki kuwa ya samu abin da ba kasafai yake samu ba, gwaji na zahiri: nisan da ke tsakanin wasu ƙasashe ya ƙaru dare ɗaya, na wasu bai canja ba, sai a kwatanta cinikinsu a ga yadda nisa ke rage kasuwanci. Rufewar ta kuma ƙarfafa ƙera manya-manyan tankokin mai, domin in dole a zagaya, gara a kwashi mai yawa a tafiya ɗaya. Ko rikicin 1956 ba a fagen fama ya ƙare ba. Darajar fam ce ta fara tangal-tangal, ajiyar kuɗin waje ta Birtaniya tana zurarewa, Amurka kuma ta ƙi a ba ta rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya sai ta janye sojojinta daga Masar. Ɗalibin Tarihi zai ambaci haka a layi biyu, ɗalibin Tattalin Arziki shi ne zai iya bayyana yadda abin ke aiki.

Aikin yau da kullum a wannan aji zane ne da gajeren lissafi da gajeren bayani. Za ka zana layin buƙata da na wadata, ka matsar da ɗaya ka faɗi abin da zai faru da farashi, sannan a hau kan hauhawar farashi da rashin aikin yi da haraji da aikin babban banki da cinikin ƙasa da ƙasa. Ya dace da mai son a ba shi ƙa'ida ya gwada ta a wurare daban-daban, kuma ba ya neman karatu mai yawa kamar Tarihi. Wasu kan gaji da yawan cewa “in dai sauran abubuwa ba su canja ba”, tunda a duniyar gaske kullum canjawa suke yi, kuma ƙorafin yana da tushe. Malamin kirki shi ne wanda ke koya maka ƙa'idar, ya kuma nuna maka inda take karyewa.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Lissafin da ke cikin darasin a sakandare bai wuce kaso cikin ɗari da ɗan jadawali ba, amma na jami'a kalkulas ne da aljabra da ƙididdiga tun shekarar farko. Manyan jami'o'in Ingila irin su Kambirij da LSE ba sa shar'anta wa mai neman digirin tattalin arziki ya yi darasin a sakandare, lissafi suke shar'antawa, kuma da maki mai ƙarfi. Saboda haka idan jadawalin makaranta ya tilasta maka zaɓa tsakanin Tattalin Arziki da ƙarin lissafi, kuma burinka ka zama masanin tattalin arziki, ƙarin lissafin ne abokin tafiyarka. Wanda kuwa ba shi da niyyar ci gaba da fannin, darasin sakandaren zai amfane shi a yadda yake, ko don ya fahimci dalilin da ya sa buga kuɗi barkatai ya kai dala ɗaya ta haura tiriliyan huɗu na mak, kuɗin Jamus na lokacin, cikin Nuwambar 1923.

Ilimin Gwamnati, wanda wasu wurare ke kira ilimin siyasa, tambayarsa uku ce: wa ke da iko, daga ina ya samo shi, wa zai taka masa burki? A kan Suez zai fara da yarjejeniyar 1888 da ta ce mashigin a buɗe yake ga jiragen kowace ƙasa, ya tambaya ko Masar na da hurumin karɓe kamfanin da ke aiki a ƙasarta muddin ta yi alkawarin biyan diyya. Sannan ya kai ka Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Birtaniya da Faransa suka hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, karon farko ke nan da Birtaniya ta yi haka, aka ɗauke maganar zuwa Babban Zaure, aka kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta farko mai ɗauke da makami. Ministan harkokin wajen Kanada, Lester Pearson, ya samu kyautar Nobel a 1957 saboda wannan. Akwai kuma darasi a makomar shugabannin Amurka da Birtaniya. Shugaban Amurka Eisenhower ya tsaya zaɓe ranar 6 ga Nuwamba 1956 ana tsakiyar rikicin, domin a tsarin shugaba mai cikakken iko ranar zaɓe ba ta jiran kowa. Eden kuwa ya sauka a Janairun 1957, Harold Macmillan ya gaje shi ba tare da an kira jama'a rumfar zaɓe ba, domin a tsarin firaminista rinjaye a majalisa ne ke riƙe da kujera.

Wannan shi ne darasi mafi sauƙin shiga, tunda rabin kalmominsa kana jinsu a labarai kullum. Za a koya maka raba iko tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a kamar yadda Montesquieu ya bayyana a 1748, da bambancin tarayya da dunƙulalliyar ƙasa, da yadda Birtaniya ke tafiya ba tare da kundin tsarin mulki guda rubutacce ba alhali Amurka na riƙe da nata tun 1787. Sashen tsarin zaɓe ya fi kowanne daɗi, domin a nan za ka ga yadda ƙa'idar ƙirga ƙuri'a ke sauya wanda ya yi nasara: a 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump ƙuri'un jama'a da kusan miliyan uku, amma a Amurka wakilan jihohi ne ke zaɓen shugaba, 270 daga cikin 538 ake nema, shi kuma ya same su.

Sauƙin shigar nan shi ne rauninsa. Ana iya koyar da darasin gaba ɗaya da jerin amfanoni biyar da illoli biyar, ɗalibi ya haddace ya ci jarrabawa, bayan wata uku babu abin da ya rage masa. Wasu kuma kan zaci ra'ayinsu na siyasa shi ne amsa, alhali mai duba takarda yana neman ka bayyana hujjar ɓangaren da ba ka so kamar kai ne lauyansa. Kaso mai yawa na manhajar ya ta'allaƙa da tsarin ƙasa ɗaya, don haka ba ya bin ka ƙetare iyaka kamar yadda karatun taswira ko ƙa'idar farashi ke yi. Kada kuma a rikita shi da darasin zama ɗan ƙasa nagari, wanda a wurare da yawa dole ne ga kowa, kuma bai kai shi zurfi ba.

A wasu makarantu za ka tarar da ƙarin biyu. Ilimin halayyar ɗan'adam yana jan ɗalibai sosai, da yawansu da zaton za a koya musu karanta zuciyar mutane. Abin da suke tararwa shi ne sassan ƙwaƙwalwa, da yadda ake tsara gwaji, da ƙididdiga, domin tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig a 1879 fannin ke kallon kansa a matsayin kimiyya. Akwai gwaje-gwaje masu ɗaukar hankali, kamar na Stanley Milgram a farkon shekarun 1960, inda mutum 26 cikin 40 suka bi umarni har ƙarshe suna danna abin da suka zaci wutar lantarki ce mai azabtar da wani. Amma za a kuma sa ka soki gwajin, kuma da dalili: a 2015 masu bincike sun maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa a fannin, ƙasa da rabi ne suka sake ba da sakamakon farko. Ilimin nazarin al'umma kuwa yana duba iyali da makaranta da aikata laifi da bambancin arziki, rubutunsa ya fi kama da na Tarihi, sai dai ra'ayoyin masana ake gwamawa maimakon takardun da. Wanda ya san abin da Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya faɗa kan asabiyya, wato haɗin kan jama'a, da yadda dauloli ke tashi su faɗi, ya riga ya leƙa ƙofarsa. Duka biyun jami'o'i kan fara koyar da su daga tushe, don haka wanda bai same su a sakandare ba bai yi asarar da ba za a cike ba.

Idan guda ɗaya kawai za ka ɗauka, ga yadda nake gani. Mai ƙarfi a karatu da rubutu ya ɗauki Tarihi, ko da lauya yake son zama. Na san ana cewa Ilimin Gwamnati ne darasin lauyoyi, kuma kalmominsa za su taimaka a shekarar farko, amma aikin lauya shi ne ya karanta takardu masu karo da juna ya gina hujja, wannan kuwa a ajin Tarihi ake yinsa kowane mako. Haka ma mai son aikin jarida. Mai ƙarfi a lissafi da ke hangen banki ko kasuwanci ko tsara manufofin gwamnati ya ɗauki Tattalin Arziki, ya riƙe lissafinsa da hannu biyu. Ɗalibin kimiyya, da wanda bai gama yanke shawarar abin da zai zama ba, Labarin Ƙasa ya fi barin masa ƙofofi a buɗe. Ilimin Gwamnati kuwa na fi son ganinsa a matsayin na biyu. Tare da Tarihi yana samun naman da ke rufe ƙashinsa, tare da Tattalin Arziki kuma yana zama shiri mai kyau ga mai son aikin gwamnati ko diflomasiyya. Tarihi da nazarin al'umma da Ilimin Gwamnati a lokaci ɗaya rubutu ne a kan rubutu, sai wanda ya tabbata hannunsa ba ya gajiya.

Duk wannan yana ƙarƙashin abu ɗaya da ba ya jin ra'ayin kowa, wato sharuɗɗan shiga jami'ar da kake so. A Ingila yawancin jami'o'i ba sa shar'anta wani darasi na musamman ga mai neman karatun lauya, a Amurka ma sai an gama digirin farko a kowane fanni ake shiga, amma a wasu ƙasashen hukumar jarrabawa tana ambaton darussan da sunansu, kuma rashin ɗaya yana iya jawo maka asarar shekara. Ka nemi sharuɗɗan kwas biyu ko uku da kake tunani, ka karanta da kanka tun kafin ka cike takardar zaɓe, kada ka dogara da abin da wani ya ce wani ya ce.

Daga nan sai ka nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya na darussan da kake waswasi a kansu. Ba don ka amsa daidai ba, tunda ba a koya maka ba tukuna. Ka zauna da tambaya ɗaya daga kowanne na minti ashirin, ka lura da wadda ta sa ka son sanin amsarta da wadda ta sa ka duba agogo. Sannan ka tambayi waɗanda ke gaba da kai a makarantar abin da ake yi a ajin a zahiri: ana ba su tsofaffin takardu su yi muhawara a kai, ko kwafar bayanai ake yi? Akwai taswirori, ana fita fili? Malamin Tattalin Arziki yana kawo alƙaluman gaske ko zanen littafi kawai yake maimaitawa? Idan darussa biyu suka yi kunnen doki a wurinka, ɗauki wanda ake koyarwa da kyau a makarantarku, domin Ilimin Gwamnati a hannun malamin da ke sa ɗalibai su kare ra'ayin da ba nasu ba ya fi Tarihin da ake karantowa ana kwafa.